Babi na Bakwai: Kuɗin Gini da Kuɗin Alli

A ƙasar Safo, da sauran garuruwan da ke jere a bakin Gulbin Maraɗi, kalandar makaranta biyu ce. Akwai wadda ma'aikatar ilimi ke fitarwa daga Yamai, mai cewa a koma aji a farkon Oktoba. Akwai kuma wadda gero ke yankewa. Ajin da za a yi da kara ba ya tsayuwa sai an yi girbi, an kai damma gida, an saro karan an ɗaure, sannan iyaye su sami sararin kafa dirkoki. Kafin a gama, Nuwamba ta kama. Can kuma da hadarin farko ya taso, iska ta yaye rumfar, sai karatu ya tashi ko da manhaja ba ta ƙare ba. Yaron da ke irin wannan aji makonni yake asara a farkon kowace shekara da ƙarshenta, ko da malaminsa bai taɓa fashi ba.

Wani lokaci asarar takan wuce ta makonni. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan kara na wata makaranta a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, galibinsu ƴan shekara biyar zuwa shida. A watan Afrilu na shekarar an yi irinta a Yamai, yara 20 suka tafi. A lokacin hukumomi sun ce azuzuwan kara a faɗin Nijar sun kai 36,000. Wannan fa halin makarantun da ke da baitulmalin gwamnati a bayansu ke nan. To ina ga makarantar da ba ta da kowa sai mai ita da iyayen yara?

Irin waɗannan makarantu ne wannan babi ya shafa. Makarantar allo da ta girma ta zama Islamiyya mai benci da allon bango. Madarasa mai haɗa Larabci da Faransanci, irin wadda aka fara a garin Say a 1957 kafin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin addini su yawaita nasu. Lakwal mai zaman kanta da wani tsohon mushe ya buɗe da kuɗin sallamarsa. Da makarantun mishan irin ta Tsibiri, da suka daɗe a yankin. Shugaban kowace daga cikinsu aiki biyu gare shi. Na farko shi ne wanda ya koya, wato koyarwa. Na biyu babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa: neman kuɗi, da sanin me zai faɗa, wa zai faɗa wa, yaushe, kuma ta bakin wa.

Safo ta yi sa'ar maƙwabta. Ɗaya ce daga ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, tare da Madarunfa kanta, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi da Sarkin Yamma, kuma daga can zuwa Maraɗi tafiyar ɗan lokaci ce a babur. Maraɗi kuwa garin Alhazai ne. Gyaɗa ce ta fara tara musu jari tun zamanin Faransa. Da farin shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, sai suka juya ga fataucin kaya zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya yi littafi sukutum a kansu a 1986. Mutane ne masu hannun kyauta, wannan babu musu. Duk wanda ya zaga unguwannin Maraɗi zai ga masallatai da madarasu da rijiyoyin da mutum ɗaya ya gina daga aljihunsa.

Sai dai a dubi abin da muka lissafa: masallaci, aji, rijiya, katanga. Duk abubuwa ne da ido ke gani, kuma duk suna da ranar gamawa. Alhaji ya san buhun siminti nawa zai saya, ya san ranar da za a ɗora kwano, ya san in an gama ya huta, ladan kuma yana gudana har bayan ransa. Ba laifi ba ne mutum ya so haka. Amma makaranta ba ta mutuwa don rashin katanga. Abin da ke kashe ta shi ne ranar da malamin lissafi ya shafe wata uku ba a biya shi ba, ya ajiye alli, ya karɓi babur ɗin wani ya fara kabu-kabu a Maraɗi, ko ya nufi Aljeriya ci-rani.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai, ba na wata makaranta takamaimai ba. Aji uku, yara 120, malamai huɗu. A ce ana biyan kowane malami mafi ƙarancin albashin da doka ta ƙayyade tun farkon 2024, wato jika 42. Jika 168 ke nan a wata, kuma in za a biya su har da hutu, don kada su watse da damina, ya kama sefa 2,016,000 a shekara. A ce kowane uba yana biyan jika ɗaya a wata har wata tara, ba mai fashi, ba maraya, ba ɗan malam da aka ɗauke wa. Abin da zai taru 1,080,000 ne. Giɓin ya haura 900,000, kuma ba a sayi alli ba tukuna, ba a gyara benci ba, ba a cika randa ba. Wannan giɓin shi ne ainihin aikin shugaban makaranta, shekara da shekara. Ba ya ɗaukuwa a hoto, babu inda za a liƙa masa sunan mai bayarwa, kuma da an cike na bana na baɗi ya buɗe baki.

Taron gidauniya

Abin da yawancinmu muka sani in an ce neman kuɗin makaranta shi ne taron ƙaddamar da gidauniya. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru da lasifika, a gayyato hakimi da magajin gari da ɗan siyasa da babban baƙo mai ƙaddamarwa. Yara su yi karatu, su yi waƙe, mai gabatarwa ya kama kirari, a fara kiran sunaye. Wane ya ba da jika ɗari, Allahu Akbar. Wane ya ce a rubuta masa buhun siminti hamsin.

"A rubuta" ɗin nan ne matsalar. Abin da aka faɗa a lasifika da abin da ya shigo akwati ba su cika zama ɗaya ba. Mutum yakan yi alkawari don kunyar idon jama'a, bayan taro kuma darekta ya yi ta safa da marwa a ƙofar gidansa, yau an ce Alhaji ya tafi Kano, gobe yana barci. Su kuwa mutanen gari jimillar da aka shelanta suka riƙe. In aka ce an tara miliyan biyar, aka karɓi biyu, aka cire kuɗin rumfa da shinkafar baƙi, bayan wata shida ginin yana tsaye a linta, me kake tsammani za a ce a majalisar shayi? Darekta ya ci. Bai ci ko tamma ba, amma ya riga ya sa bakinsa cikin shelar kuɗin da ba su taɓa zuwa hannunsa ba.

Kenya ta yi nisa a wannan hanya fiye da kowa. Bayan samun ƴanci a 1963 Jomo Kenyatta ya mai da tarukan Harambe ginshiƙin raya ƙasa, kuma da su aka gina ɗimbin makarantun sakandare na al'umma. Abin ya yi amfani ƙwarai. Amma a hankali taron ya koma dandalin da ɗan siyasa ke sayen farin jini, har sai da dokar ɗa'ar ma'aikata ta 2003 ta taƙaita wa masu riƙe da muƙami shiga harkar tara irin wannan kuɗi. Makarantar da ta ɗora gidauniyarta a kan ɗan takara ɗaya, ta sani cewa rabin iyayen ɗalibanta na wancan ɓangaren ne, kuma mulki juyawa yake.

Ba cewa nake a daina taro ba. Cewa nake taro ba a nan ake tara kuɗi ba, a nan ake sanar da cewa an fara tarawa. Masu wannan sana'a a Amurka sun daɗe da gane haka. Harold Seymour, a littafinsa na 1966, ya yi bayanin cewa a babbar gidauniya kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yakan fito ne daga manyan kyaututtuka goma na farko, wani kashi ɗaya cikin uku daga kyaututtuka ɗari da ke biye, ragowar kuma daga kowa da kowa. Shi ya sa makarantu da jami'o'insu ba sa fitowa fili sai sun tara kaso mai tsoka a asirce. Masana tattalin arziki biyu, John List da David Lucking-Reiley, sun gwada abin a wata jami'a ta jihar Fulorida, suka wallafa sakamakon a 2002. Sun aika wasiƙun neman taimako iri-iri: wasu suka ce an riga an sami kashi 10 cikin ɗari na abin da ake nema, wasu suka ce an sami kashi 67. Kuɗin da wasiƙun kashi 67 suka jawo ya kusa ninka na farkon sau shida. Mutum ya fi sakin hannu ga aikin da ya ga alamar zai kammala. Manomin Safo ma haka yake. Wanda ya ga bulo a jibge da yashi a zube ya fi saurin kawo nasa a kan wanda aka nuna wa fili fetal aka ce masa "in Allah ya so".

Manyan goman nan kuwa ba a kama su a bainar jama'a. Gida ake binsu, kuma ba darekta kaɗai ke zuwa ba. Ana neman wanda Alhaji ke jin nauyinsa, ko limaminsa, ko abokin tasowarsa, ko wani dattijo daga garin da aka haifi mahaifiyarsa. A gaisa a tsanake, a tambayi gida da kasuwa. In an zo kan magana, a zo da adadi.

"Ranka ya daɗe, aji biyu muke son rufewa kafin damina. Mutanen gari sun buga bulo dubu uku, sun ɗebo yashi daga gulbi. Kwano da katako suka rage. Ga takardar farashin daga wurin mai shago."

"To Malam, na baran fa? Rijiyar da aka ce za a yi?"

"Allah ya ƙara girma, an yi ta. Ga abin da aka kashe, ga ragowar, yana hannun ma'aji. In ka sami sarari ka turo yaronka ya gani."

Wanda ba shi da wannan amsa ta biyu a shirye, gara ya zauna gida. Bambancin shugaban makaranta da maroƙi ke nan. Maroƙi yabo yake bayarwa a ba shi kuɗi, an rabu ba bashi. Shugaban makaranta amana yake karɓa, sai ya koma ya ba da bayaninta. Alhazan Maraɗi ƴan kasuwa ne, da lissafi suka yi arziki, kuma sun fi kowa saurin gane mai magana ba lissafi.

Akwai wani abu kuma da littattafan Turawa ba su tanada ba. A shekarun nan gundumar Madarunfa ta sha fama da ƴan bindigar da ke tsallako iyaka suna kore shanu suna sace mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 jihar Maraɗi ke karɓar dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. A irin wannan yanayi, ka ɗauki lasifika ka ce wane ɗan wane na ƙauye kaza ya ba da miliyan ɗaya, ba karrama shi ka yi ba, nuna shi ka yi. A tambayi mai bayarwa tun farko ko yana son a ambace shi. Da yawa za su ce a'a, wasu don tsoro, wasu don gudun riya. Sai a ce "wani bawan Allah" a wurin taro, amma a littafin ma'aji a rubuta sunan da adadin, shaidu biyu su gani. Ɓoye suna daban, ɓoye kuɗi daban.

Dami da akwati

Mu koma kan giɓin nan na albashi, wanda Alhaji ba zai cike ba. Abin mamaki, jami'ar da ta fi kowace dukiya a duniya ta taɓa zama a inda makarantar Safo take. An kafa Habad a 1636, kuma ba a jima ba kuɗi suka yanke mata. A 1641 aka tura mutum uku Ingila neman taimako, a 1643 aka buga ɗan littafin da ake ɗauka shi ne takardar neman gudummawa ta farko a tarihin makarantun Amurka. A 1644 kuma aka roƙi kowane gida a yankin da jami'ar take ya ba da ɗan awon hatsi ko kwatankwacinsa a kuɗi kowace shekara. Da wannan hatsi aka riƙe malamai da ɗalibai marasa hali na tsawon shekaru.

Mu ba baƙin wannan ba ne. Makarantar allo ta rayu ɗaruruwan shekaru a kan kuɗin Laraba, da gayyar noma a gonar malam, da damin da ake kai masa da kaka, da ragon sauka. Babu ɗaya a ciki da ya yi yawa, amma ba ya yankewa, kuma yana zuwa ne a lokacin da manomi ke da shi. Makarantar zamani ta watsar da wannan hikima ta kwaikwayi tsarin birni: kuɗi a hannu, ƙarshen kowane wata, tamkar iyayen yaran ma'aikata ne. Ka je wa manomi da takardar bashi a watan Yuni, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuɗin iri ga na taki, ba abin da za ka samu sai ɓacin rai. Ka je masa a Oktoba ka ce dami biyu a kan kowane yaro, da wuya ya hana. Mai lambu a fadamar Sumarana ko a filin ban-ruwa na Jiratawa kuwa lokacinsa daban ne, sai sanyi da rani, sa'ad da kayan lambu ke fita kasuwa. Shugaban da ya san garinsa yakan raba karɓarsa bisa wannan.

Geron da aka tara da kaka, in an adana shi zuwa bazara ko farkon damina, yawanci farashinsa yakan tashi, ribar ta biya albashin watannin da iyaye ba su da ko dala. Yawanci na ce, don akwai shekarar da ba ya tashi, ko don an yi yabanya mai kyau ko'ina, ko don gwamnati ta fito da hatsin rumbunta tana sayarwa da rahusa. Ga ƙwari, ga ɓera, ga ɗan'uwan da zai zo rance da rantsuwa. Rumbun makaranta yana son mai tsaro da ya iya cewa a'a.

A nan malamai sukan ja hankali a kan wani abu, kuma suna da gaskiya. Manomi yakan so ya lissafa damin da ya ba makaranta cikin zakkarsa, wato ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, ko ɗaya bisa ashirin na abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala. Amma zakka tana da mutanenta guda takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a gina aji ko masallaci da ita. Ana iya ba talakan ɗalibi ko malami mabuƙaci a matsayinsa na mabuƙaci. Don haka makarantar da ke karɓa daga jama'a tana buƙatar buhu biyu da shafi biyu: na zakka, wanda ke tafiya ga masu haƙƙinsa, da na sadaka da gudummawa, wanda za a iya sayen kwano da shi. Mai kuɗin da ke son lada mai ɗorewa kuwa, a nuna masa wakafi. Maimakon aji na huɗu da babu malamin da zai shiga, ya gina shago biyu a Maraɗi ko ya ba da lambu, hayar ko amfanin ya riƙa biyan malami ɗaya har abada. Da irin wannan Azhar ta Masar da Ƙarawiyyin ta Fas suka kai shekara dubu, kuma Nijar ma ta kafa hukumar kula da wakafi a ƴan shekarun nan.

Wa zai riƙe kuɗin? Amsar da ta fi kowace kyau a jihar Maraɗi aka ƙirƙiro ta, kuma mata ne suka yi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a ƙauyukan jihar, ta ɗora shi a kan adashin da mata suka saba. Yau tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na cikinsa. Sirrinsa ba wani boyayye ba ne: akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗewa sai kowa na zaune. A ƙirga kuɗin da ƙarfi, a faɗi jimilla, kowace ta riƙe a ka zuwa mako mai zuwa. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba sun warware abin da ya gagari kwamitocin masu digiri. Ni a ganina duk makarantar da ba ta sa uwa ɗaya ko biyu daga irin waɗannan ƙungiyoyi cikin masu riƙe asusunta ba, ta bar gwanaye a waje.

Gwamnati ma ta bi wannan sawu da kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES. Aikin da Japan ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004 kafin a yaɗa shi ko'ina, ya dage kan abu biyu: a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar sirri, don kada kujerar ta zama ta ƙanen mai gari, kuma a karanta shirin aiki da abin da aka kashe a gaban taron gari. Sai dai kada a ɗauka kwamiti maganin komai ne. Wasu masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin tallafin kuɗin da aka ba kwamitocin ɗaruruwan makarantu a jihohin Tawa da Damagaram. Sun ga iyaye sun ƙara himma, an yi gyare-gyare, an ƙara shigar da ƙananan yara, amma karatun kansa bai inganta ba. Iyaye sun iya duba katanga, ba su da ƙarfin tuhumar mushe. Ko a hannun talakawa ma, kuɗi ya fi son tafiya wurin abin da ido ke gani.

Saboda haka babban aikin bakin shugaban makaranta shi ne ya sa a ga abin da ba a gani. Fiye da rabin manya a Nijar ba sa karatun boko, rahoton da aka buga da Faransanci aka liƙa a ofis bai isar da komai ba. A karanta lissafi da Hausa bayan sallar Juma'a, a rubuta shi da boko da ajami a allon da ke ƙofar makaranta: abin da ya shigo, abin da ya fita, malami nawa aka biya, wata nawa ake bin bashi. Sau ɗaya a zango a kira iyaye, a ɗauko yarinya ƴar aji uku a ba ta takardar da ba ta taɓa gani ba ta karanta, a ba wani yaro lissafin cinikin tumatir ya buga a allo. Uban da ya ga ƴarsa ta karanta masa takardar asibiti ya ga inda daminsa ya tafi.

Ƴan garin da ke waje su ma masu ruwa da tsaki ne, na Kano da Legas da Abijan, na Aljeriya da Libiya. Da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza ko Amana kuɗinsu na isowa Maraɗi a yini guda, kuma zauren WhatsApp ya zama dandalin gari na biyu. Saƙon murya na minti biyu daga bakin ma'aji, da hoton rasit, ya fi doguwar wasiƙa aiki. Amma kuɗin waje ba abin jingina ba ne gaba ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har cikin 2024, naira kuma ta faɗi warwas, ta yadda abin da ɗan Kano ke turowa ya ragu ƙwarai in an mai da shi sefa. Tallafin ƙasashen Turai da Amurka ma ya ja baya a wannan tsakani. Tsarin da ya fi dacewa da kuɗin waje shi ne na Julius Rosenwald, attajirin da ya haɗa kai da Booker T. Washington suka taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 na baƙaƙen fata a kudancin Amurka tsakanin 1912 da 1932. Ba ya sakin nasa sai mutanen gari sun kawo nasu, kuɗi ko fili ko ƙarfin jiki. A ƙarshe abin da talakawan nan suka tara ya ɗara abin da asusunsa ya bayar, kuma makarantun suka zama nasu.

Jarabar da ke tattare da mai bayarwa na nesa ita ce ƙarin gishiri. Ba ya ganin makarantar, labari kawai yake ji, labarin da ya fi ban tausayi kuma shi ya fi kawo kuɗi. Sai a tara yara masu yagaggun riguna a ɗauki hoto, a kira mai uba maraya, a ce ɗalibai 400 alhali 150 ne. Greg Mortenson, Ba'amurken da ya yi suna da gina makarantu a Pakistan da Afganistan, ya tara miliyoyin daloli da labarinsa, har a 2011 gidan talabijin na CBS ya bankaɗo cewa wasu labaran ƙagaggu ne, wasu makarantun kuma babu kowa a ciki. A 2012 ya amince ya mayar wa ƙungiyarsa dala miliyan ɗaya. Shi ya yi shekaru kafin a gane. A Safo mako guda ya isa, don ɗan ci-ranin da ka tura wa hoton yana da ƙane a garin, kuma uwar yaron da ka kira maraya tana da waya. Haka in abu ya lalace, iska ta ɗauke kwano ko wani ya taɓa akwati, gara iyaye su ji daga bakin darekta a ranar, da adadin da matakin da aka ɗauka, kafin labarin ya je kasuwa ya dawo da ƙafa huɗu.

Saura abu ɗaya da ake mantawa saboda kunya, shi ne takardar fili. Yawancin makarantun nan a kan gonar wani aka kafa su, da baki ya ce "na ba ku don Allah", aka yi fatiha aka tashi. Shekara goma sha biyar bayan haka mai kyautar ya rasu, gari ya matso, filin ya yi daraja, magada suka zo rabon gado suka tarar da aji shida da jama'a suka gina a kan abin da babu shaidar ya fita daga dukiyar mahaifinsu. Ko kuma shi mai makarantar ne ya rasu, ƴaƴansa suka ɗauka gadonsu ce, tunda da sunansa aka san ta. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, daga baya aka kafa su tun daga matakin ƙauye zuwa ƙaramar hukuma da gunduma, kuma ana yin takardar shaidar kyautar fili. A yi ta tun mai bayarwa na da rai da lafiya, da sa hannun mai gari da shaidu, har da manyan ƴaƴansa in zai yiwu, a rubuta cewa filin na makaranta ne ba na darekta ba. A ajiye kwafi a ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya wurin liman, ɗaya a cikin akwatin. Alhajin da ya san kan duniya zai tambayi wannan takarda kafin ya turo buhun siminti na farko.